Yadda Yaya Ta Karanta Mana Mai Amawali

Daminar bara wani fim ya shigo Funtua ya hana samari sakat. Na Turawa ne, amma masu fassara sun juye shi zuwa Hausa, don haka har mai shayin bakin tasha yana da ra'ayi a kansa. Labarin wani jarumi ne mai rufe rabin fuska wanda iska take yi wa biyayya, kuma an ɗauko shi ne daga littattafan nan na zane da ake jera hotuna gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan farin da'ira. Duk rumfar da ake cajin waya ana tura fim, in ka wuce za ka tarar an yi cirko-cirko ana musu. Wasu su ce an ɓata labarin, a littafi ba haka yake ba. Wasu su ce rigar da aka ɗinka wa jarumin ta yi masa kaɗan. Wasu kuma da mai fassara suke faɗa, wai ya ba mugun da ke cikin fim ɗin murya irin ta dillalin hatsi. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ɗaliban da ban taɓa ganin sun buɗe littafin da na ba su ba, su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen kare mutuncin littafi.

Ban kalla ba, ban kuma yi niyyar kallo ba, sai ranar da na tsaya sayen katin waya na ɗaga kai na ga fostar manne a jikin rumfa. Saurayi ne tsaye a kan ruwa, shuɗin ƙyalle ya rufe masa hanci da baki, a bayansa ga wani tsoho cikin kwalekwale. Na daɗe ina kallo har mai rumfar ya tambaye ni ko a tura min. Na san wannan fuskar tun ban iya ɗaure tazuge ba. A gidanmu Mai Amawali muke ce masa, saboda ƙyallen ya yi kama da na rawani, kuma babbar yayarmu ce ta raɗa masa sunan.

A Malumfashi na tashi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani ɗan kasuwa mutumin kudu, Kirista, mai sayar da kwanuka da tangaran. 'Yarsa ta fari a garin aka haife ta, sa'ar Yaya ce, kuma in tana magana ta bayan katanga ba za ka bambanta muryarsu ba. Ta saman katangar nan komai yake wucewa: gishiri, garwashi, tuwon sallah daga wajenmu, shinkafar kirsimeti daga wajensu. Littafin ma ta nan ya shigo. Wani kawun 'yar maƙwabcin ne ya kawo mata daga Legas, ya sha hannu har bangonsa ya fita gaba da baya, sai takardun ciki kawai.

Shekarar da littafin ya shigo Baba yana kwance a asibiti, Inna tana wajensa tana jinya. Gidan ya rage daga Yaya sai mu ƙannenta, ni ne auta. Ita ke share gida, ita ke tuƙa tuwo, ita ke zuba na asibiti a langa ta ɗaure da ƙyalle ta ba yayyena su kai. Ni kuwa tun da aka tafi da Baba na daina cin abinci. Ba rigima nake yi ba, in an ajiye min sai in yi ta kallonsa har miyar ta huce. Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta nuna min muciya, duk a banza.

Yaya ba ta yi boko ba. Allo ta yi har ta sauke, ta ci gaba da littattafan addini a wajen matar limamin unguwarmu, kuma karatunta yana da daɗi har maƙwabta sukan yi shiru su saurara. Duk littafin da ta taɓa riƙewa ta dama ake buɗe shi. Saboda haka ranar da ƙawarta, 'yar maƙwabcin, ta miƙo mata na zanen don ta rarrashe mu da shi, sai ta zauna kusa da murhu, ta ɗora shi a cinya, ta yi bismilla, ta buɗe shi yadda ake buɗe littafi. Ta sa yatsa tana bin hotunan daga dama zuwa hagu. Turancin da ke ciki bai dame ta ba, hotunan sun ishe ta. Mu kuma babu wanda ya isa ya gyara mata, domin ni a lokacin ko baƙi ban fara haɗawa ba, yayyena kuma bokonsu bai wuce waƙar safe ba.

Hoton farko maƙabarta ce, ana ruwa, saurayi yana durƙushe gaban kabari. Yaya ta ce kabarin mahaifiyarsa ne, ya zo ziyara ya yi mata addu'a, domin yaron kirki ne. Sai aka gan shi a bakin ruwa rungume da wani tsoho, idon tsohon a rufe. Ta ce babansa ne, masunci, ciwo ya kwantar da shi har kowa ya cire rai. A hoton da ke biye tsohon ya buɗe ido. A na gaba ya ɗaga hannu ya shafa fuskar ɗansa. Can sai ga shi tsaye da ƙafafunsa. Daga nan wani mugu mai jirgin ruwa ya bayyana, Mai Amawali ya kira iska, aka yi ta ɗauki ba daɗi shafi bayan shafi. Wata yayata ta ce ai ta ga mugun ya faɗa ruwa tun farko, ya aka yi ya dawo da rigarsa a bushe. Yaya ta ce haka mugaye suke, in an kayar da su sai su sake tasowa, sai ranar da suka gaji. Shi ma ya gaji, jirginsa ya koma inda ya fito.

Da aka zauna lafiya sai jarumin ya cire amawalinsa ya ajiye, ya koma sa riga irin ta kowa yana taya babansa gyaran taru. Tsohon kuwa kullum sai ƙara lafiya yake yi, bayansa na miƙewa, furfurarsa na raguwa. Da muka tambayi yadda furfura ke komawa baƙi, Yaya ta ce, "Ku kun taɓa ganin mai lafiya da marar lafiya kamanninsu ɗaya?" Hoton ƙarshe tsohon ne a bakin ruwa, ɗan ƙaramin yaro a kafaɗarsa riƙe da kifi, su biyun suna dariya. Ta ce jikansa ne, ɗan Mai Amawali. Allah ya ja kwanan tsoho har ya ɗauki jika.

Ranar na cinye tuwona har na nemi ƙari. Daga nan ya zama doka: in ta yi talge ta rufe tukunya, sai ta ɗauko littafin, kuma ba na sa hannu a kwano sai an kai hoton jika. Kullum sai na tambaye ta, "Yaya, Baba ma haka zai tashi?" Kullum amsarta ɗaya, "In Allah ya so, Auta. Ci tuwonka." Baba bai tashi ba. Ya rasu lokacin da ake karyar masara, kuma bayan an share makoki littafin ya koma ta saman katanga.

Ina aji biyu a sakandaren kwana na ci karo da irinsa a ɗakin karatu, wannan karon da bangonsa. Na buɗe shi ta hagu, da Turancina na ɗan aji biyu da girman kaina. Shafin farko yaro ne a kafaɗar tsoho da kifi a hannu. Ba jika ba ne, jarumin ne da kansa yana ƙarami. Tsohon yana tsufa shafi bayan shafi, jirgin mugu yana zuwa, an yi faɗa, an harbi tsohon, ya shafa fuskar ɗansa, ya rufe ido. Kabarin da ke ƙarshe nasa ne. Da farko dariya na yi har mai kula da ɗakin ya harare ni. Da na fita na zaga bayan ɗakin kwananmu sai dariyar ta ɗauke, na zauna a kan wani bulo na daɗe ban tashi ba.

Ban taɓa faɗa mata ba. Yaya ce ta tsaya kai da fata sai na yi boko bayan rasuwar Baba, kuma na san akwai ɗan wani wuri a zuciyarta da yake mata ciwo in aka yi zancen karatun da ita ba ta samu ba. Ban ga yadda zan ɗauki bokon da ta sa ni in je in nuna mata ta riƙe littafi a juye ba. Ta yi aure a Tsiga, ta haifi nata, ta tashe su da labarin Mai Amawali, ba littafi, da ka. Mijinta ma ya haddace shi. Manomi ne, mutum mai barkwanci, duk muna ce masa Malam. In na je gidan yakan tsokane ni ya ce ga autan da sai an kai hoton jika yake cin tuwo, ni kuma in ce masa ai shi har yau sai an kai hoton yake barci.

A farkon daminar nan ta bara, ana tsakiyar shuka, Malam ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana kuma ta koma fita ɗaya-ɗaya da ƙyar. Aka yi jinya a asibiti, aka dawo da shi gida. Yaya ce ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke murza masa hannun da man zafi safe da yamma.

Ɗanta na fari tela ne a Tsiga, magidanci har da 'yarsa ƙarama. Wata rana ya shigo Funtua sayen zare da yadi, ya biyo ta gidana ransa a ɓace. Ya kalli fim ɗin, kuma ya shiga sahun masu cewa an ɓata labari, amma nasa ɓacin ran ya sha bamban da na kowa. A rumfar caji ya miƙe ya ce a littafi tsohon ba ya mutuwa, har jika yake ɗauka. Aka yi masa dariya, wani ya tambaye shi ko a Tsiga aka buga nasa littafin.

"Kawu, kai ka ga littafin da idonka," in ji shi. "Don Allah ka zo ka faɗa musu."

Na ba shi ruwa ya sha, sannan na faɗa masa gaskiya. Ya juya ƙullin zaren da ke hannunsa. Can ya ce, "To akwai matsala, Kawu. Na riga na faɗa a gida an yi fim ɗin. Baba ya ce sai ya gani."

Washegari Yaya ta kira ni. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki ta ce, "Auta, an ce an yi fim ɗin Mai Amawali. Wannan yaron sai hanya-hanya yake min." Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wannan yaron take cewa ko da ya yi gemu. "Ka zo mana da shi ranar Asabar. Malam yana so ya gani."

Na ajiye wayar. Abu biyu na hango, kuma babu mai daɗi. Mutum yana kwance rabin jikinsa ba ya motsi, za a kunna masa labarin da ya sani na tsohon da ya tashi, ya ga tsohon ya mutu. Ita kuma Yaya, a gaban mijinta da 'ya'yanta da surukarta, za ta gane labarin da ta raine mu da shi a juye ta karanta shi. Na ce mata ina da gyaran takardun jarrabawa. Asabar ta gaba na ce babur ɗina yana wajen bakanike. Da ta sake kira ba ta yi dogon zance ba, ta ce, "In babur ne ya hana ka, akwai mota a tasha." Muryar da take nuna min muciya da ita ce, ban manta ta ba.

Ni da ɗan nata muka ƙulla dabara, irin dabarar maza biyu da suka ɗauka sun fi kowa wayo. Talabijin ɗin gidan da batirin sola yake aiki. Za mu bari a yi kallo har tsakiyar faɗan ƙarshe, kafin a harbi tsohon, sai ya zare waya ta bayan kujera a ce caji ya ƙare. In Yaya ta ce me ya sa aka fara da hoton jika, zan ce haka Turawa suke yi, su fara nuna ƙarshe don jan rai. Na sa aka tura min fim ɗin, na kalle shi ni kaɗai don in san daidai wurin da za a yanke. Ban ɓoye ba, ya yi kyau. Mai fassara ya cika surutu, amma da aka zo wurin tsohon shi ma ya rage murya.

Na isa Tsiga bayan azahar. An yi ruwa da safe, masara ta yi goyo a gonakin bakin hanya, ta Malam kuwa 'yan'uwa ne suka yi mata gayya suka nome. Na tarar an jingina shi da matasai a kan katifa a falo, an sa masa hula. Ya rame, gefen bakinsa ya ɗan karkace, amma idon nan na tsokana yana nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama hannuna da na damansa ya ce, "Auta... ka ci... tuwo?" Na ce sai an kai hoton jika. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, dariyarsa ke nan yanzu.

Bayan la'asar aka kunna. Yaya ta zauna a tabarma kusa da kan Malam tana yankan kuɓewa a faranti. Surukarta tana bakin ƙofa da 'yar jikar a cinya. Ɗan nata ya zaɓi kujerar da ke kusa da batir, ni kuma na zauna inda zan iya ganin fuskar Yaya ba tare da na juya ba.

Aka buɗe da bakin ruwa, tsoho da yaro a kafaɗa, kifi a hannun yaron. Na gyara murya zan faɗi ƙaryar da na tanada, amma ba wanda ya tambaye ni komai. Yaya ta ɗan dakata da wuƙar, ta kalli yaron, ta ci gaba da yanka. Yaron ya girma, tsohon ya fara furfura. Ta yi tsaki da ta ga rigar jarumin, ta ce wannan ai ko numfashi ba zai iya yi a ciki ba, a littafi tana da yalwa. Ɗan nata, da yake sana'arsa ce, ya manta da fargabarsa ya ce wallahi shi ma abin da ya ce ke nan, an matse hammata. Da mugu ya buɗe baki surukar ta ce muryar wani mai awo ce a kasuwar Danja, aka yi dariya har Malam. Na ɗan lokaci mun zama kamar kowace rumfar caji a Funtua.

Sai jirgi ya iso, iska ta taso, faɗa ya kaure. Na kalli ɗan nata, ya kalle ni. Ya zura hannu a hankali ta bayan kujera.

"Bar shi," in ji Yaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Batirin a cike yake, ni na duba."

Ya janye hannunsa. Aka harbi tsohon. Jarumin ya rungume shi a bakin ruwa, tsohon ya ɗaga hannu ya shafa masa fuska, ya rufe ido. Aka nuna maƙabarta ana ruwa. Na saci kallon Malam, hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi ya tsaya a gemunsa. Yaya ta ajiye wuƙa ta sa bakin mayafinta ta share masa.

Da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa ta tattara farantinta ta ce, "To, sun yi ƙoƙari. Sai dai ta baya suka fara."

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya gyara mata. Ta miƙe ta nufi madafi. Na ba ta ɗan lokaci sannan na bi ta. Na tarar ta durƙusa tana hura wuta, na tsaya a bakin ƙofa ina neman ta inda zan fara.

"Daina tsaya min a kai kamar wanda ya zo ta'aziyya," in ji ta. "Miƙo min wancan icen."

Na miƙa mata. Ta gyara shi a murhu.

"Ka ɗauka ban san ta inda ake buɗe littafin boko ba ko? Ranar farko dai ban sani ba, Allah ya gani. Bayan 'yan kwanaki ƙawata ta leƙo ta katanga ta gan ni ina yi muku. Da kuka fita ta kira ni ta ce, ƙawata, ta baya kike buɗewa. Ta juya min shi, ta karanta min Turancin tana mayar min da Hausa, tun daga kifin har kabarin. Na yi kuka a bayan rumbu, ita ma ta taya ni. Sai na ce kada ta faɗa muku, ba ta kuwa faɗa ba."

Na ce, "Amma Yaya, kika ci gaba da yi mana a haka?"

"To da yaya zan yi? Baba yana asibiti, Inna ba ta nan, ga ka nan ƙashin wuyanka duk a waje, ba ka sa hannu a kwano sai an kai hoton jika. In juya maka shi in kai ka kabari?" Ta ɗora tukunya. "Hotunan dai su ne. Na duba ta nan, na duba ta can, na ɗauki wanda zai sa ka ci abinci."

Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan abu ina ganin ni nake kare ta, ashe tun ina yawo ba wando take riƙe da shi ita kaɗai, tana yarinya, tana kallon kabarin nan kullum da rana tana ce mana na mahaifiyarsa ne. Na ji kunya, na ji tausayinta, na kuma ji son ta ya cika min ƙirji.

Sai na ce ai da ta bari an kashe fim ɗin saboda Malam.

"Ku lokacin yara ne. Malam ba yaro ba ne. Tun da ya kwanta, duk wanda ya shigo sai ya ce masa ai ka warke, ai gobe za ka koma gona. Ya gaji da a riƙa kashe masa abu a tsakiya. Da safe na faɗa masa, na ce Malam, nasu fa mutuwa yake yi. Ya ce a kawo, ba yau ya fara jin ana mutuwa ba." Ta kalle ni ta gefen ido. "Kai da wannan yaron kuwa, ko 'yar jikata ta fi ku iya ƙulla abu. Tun shekaranjiya yake zagaya batirin nan."

Na yi dariya, idona yana zafi, na ce hayaƙi ne. Sai na ji bakina ya yi tambayar da ban shirya ba.

"Yaya, zai tashi?"

Ta daɗe tana dama gari a ƙwarya kafin ta amsa. "In Allah ya so, Auta. Ba ni muciya."

Ta yi talge ta rufe tukunya. Daidai lokacin surukar ta leƙo ta ce Malam yana kira. Muka koma falo. An kashe talabijin, ɗan nata yana zaune ya sunkuyar da kai. Malam ya bi Yaya da ido har ta zauna a wurinta. Ya motsa baki, maganar ta ƙi fita, ya sake gwadawa. Muka jira shi, ba wanda ya ƙarasa masa.

"Na ga... nasu," in ji shi. "Ba ni... naki."

Yaya ta gyara zama, ta yi bismilla. Ba littafi a cinyarta, amma na ga yatsanta yana tafiya a kan zaninta daga dama zuwa hagu. Ta fara da saurayin da ya je ziyarar kabarin mahaifiyarsa ana ruwa. Ta zo kan tsohon da kowa ya cire rai da shi, ya buɗe ido, ya ɗaga hannu, ya miƙe da ƙafafunsa. Ba ta rage komai ba, har mugun da ke tasowa da rigarsa a bushe. Ni da furfurata na zauna a bakin ƙofa na naɗe ƙafa, inda nakan zauna a gidanmu na Malumfashi, ƙamshin tuwo yana shigowa daga madafi.

Da ta kusa ƙarshe ta miƙa hannu ta karɓi 'yar jikar daga wajen uwarta. Malam ba zai iya ɗaga ta ba, don haka Yaya ta zaunar da ita a kan matashi ta jingina ta da kafaɗarsa ta dama, mai lafiyar. Yarinyar ta cafke hularsa ta cire. Ya kewayo da hannunsa ya riƙe ta don kada ta zame, yana ce mata amarya, da rabin bakinsa. Yaya ta ƙarasa labarin, sannan ta tashi ta je ta tuƙa tuwo, kuma ranar Malam ya cinye nasa.